Yadda Za Ka Koma Kan Keken Hawan Dutse Bayan Ka Warke Daga Rauni

Tun da na koma kan keke bayan karayar da na yi a kafaɗa, tambaya ɗaya nake sha daga bakin masu jinya irin tawa: "Wata nawa ka yi kafin ka hau?" Nakan faɗa musu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya yi wata uku ya koma da tsari ya fi wanda ya yi wata shida ya koma da ka. Abin da ke raba su shi ne sanin me za a fara, me zai biyo baya, da kuma inda jiki ke yi wa mutum ƙarya. Ga matakan a jere. Kada ka tsallake ɗaya don kana jin ƙarfi, domin jin ƙarfin shi ne ƙaryar da nake nufi.

1. Gyara tambayar da za ka yi wa likita

Yawancinmu mukan ce, "Likita, zan iya hawa keke?" Shi kuma sai ya hango mutum yana murza feda a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ya ce babu laifi. Ba wannan keken kake nufi ba. Nuna masa ɗan bidiyo a wayarka na irin hanyar da kake bi, da duwatsunta da gangarenta, sannan ka tambaye shi: "Idan na faɗi a kan wurin nan gobe, me zai faru?" A wannan wasa faɗuwa ba tsautsayin shekara ba ce, cikin sana'ar take. Ba izinin hawa kake nema ba, izinin faɗuwa kake nema.

Ga abin da aka saba gani ga babban mutum, don ka san inda za ka sa rai. Ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda masu keke suka fi karyawa, yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Haƙarƙari wajen mako 6. Ɗan ƙaramin ƙashin wuyan hannu da ke gindin babban yatsa yana da jinkiri saboda jini ba ya isa gare shi sosai, kuma sau da yawa karayarsa ba ta fitowa a hoton farko, sai a ɗauka targaɗe ne. Wanda aka yi wa tiyatar jijiyar tsakiyar gwiwa kuwa, ana barinsa ya hau keken motsa jiki da wuri, amma wasan da ke murɗa gwiwa sai bayan wata 9 ko fiye.

Idan an sa maka ƙarfe da sukurori, ka ƙara taka-tsantsan. Ƙarfen yana riƙe ƙashin, ciwo ya tafi da wuri, sai ka zaci ka warke alhali ƙashin bai gama haɗewa ba. Hoto ne zai faɗa, ba jinka ba. Kafin ka fito daga wurin likita, ka rubuta abu uku: nauyin da aka yarda ka ɗora wa wurin, motsin da aka hana ka, da ranar da za a sake dubawa.

*Gargaɗi:* Buguwar kai tana da nata tsari daban. Ƙa'idar da masana suka amince da ita a taron duniya kan buguwar kai a wasanni da aka yi a Amsterdam a 2022 ita ce hutu mai sauƙi na awa 24 zuwa 48, sannan a bi matakai 6, kowanne aƙalla awa 24. Matakan da ke da haɗarin sake buguwa ba a shiga su sai alamun sun ɗauke kuma likita ya ba da izini, keken dutse kuwa yana cikin wannan rukuni. Muddin akwai ciwon kai, jiri, mantuwa ko ƙin haske, keke ya ci gaba da jingina. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi muni.

2. Gwada jikin a gida kafin ka gwada shi a daji

Haɗewar ƙashi daban, dawowar ƙarfi daban. Hannun da ya yi makonni a rataye ya rame, kafaɗa ta ƙage, kuma wannan aikin likitan gashin ƙashi ne. Idan aljihu ya yi ƙunci har sai ka zaɓi abu ɗaya da za ka kashe wa kuɗi a duk wannan tafiya, to shi ne, ba sabon kaya ba. Ko zama uku ko huɗu ne, ka je a tsara maka atisayen da za ka riƙa yi a gida.

Gwajin kuwa kwatanci ne tsakanin ɓangaren da ya ji ciwo da mai lafiya. Mai ciwon gwiwa ko idon sawu ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya tsuguna rabi ya miƙe, ya sauko daga matakala a hankali ba tare da gwiwar ta karkata ciki ba. Ma'aunin da masu gashi ke yawan amfani da shi shi ne ƙafar da ta ji ciwo ta kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin 'yar'uwarta. Sai dai ka tuna ita ma 'yar'uwar ta yi zaman banza tare da ita, ta ragu, don haka kashi 90 ɗin ƙasan ma'auni ne, ba ƙololuwa ba.

Mai ciwon kafaɗa ko wuyan hannu ya fara dafa bango yana turawa, daga nan tebur, daga nan ƙasa. In ba za ka iya dafa ƙasa ka ɗauki nauyin jikinka na minti ɗaya ba tare da wurin ya yi kuka ba, to ba za ka iya riƙe sitiyari a gangare mai gargada ba, balle ka tare ƙasa da tafin hannu.

Ga ƙa'idar ciwo da za ka riƙe har ƙarshe. Ka auna shi daga 0 zuwa 10. Wanda bai wuce 3 ba, kuma ya lafa kafin washegari, ana iya aiki da shi. Wanda ke suka kamar allura, ko ya zo da kumburi, ko ya kwana ya tashi da kai, yana nufin ka wuce gona da iri.

*Gargaɗi:* Kada ka sha maganin kashe zafi kafin gwaji ko kafin hawa. Jiki magayi ne, ka toshe masa baki ka rasa mai faɗa maka gaskiya.

3. Keken da ba ya tafiya

Minti 10 zuwa 15 a rana ta farko, giya mara nauyi, ƙafa tana juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Mai ciwon gwiwa ya ɗan ɗaga sirdi don kada gwiwar ta lanƙwashe da yawa. Mai ciwon hannu ya zauna a miƙe, ya rage dafawa. Ba sai ka sayi injin ba, aro ko na gidan motsa jiki ya wadatar, tunda na 'yan makonni ne.

A nan ne tarkon yake. Huhu da zuciya suna dawowa da sauri, cikin makonni kaɗan za ka ji numfashinka ya koma kamar da. Jijiya da ƙashi kuwa tafiyar hawainiya suke yi. Sai ƙirji ya ce maka a tafi, alhali wuyan hannu bai ma ɗaura takalmi ba. Duk ranar da ka ji kana cike da ƙarfi, ka koma ka duba gwajin mataki na 2, shi ne alƙali.

4. Duba keken, shi ma ya ji jiki

Keken ya sha wahala biyu: faɗuwar da kuka yi tare, da zaman da ya yi a jingine. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka yi wannan mako biyu kafin ranar da ka sa, don in akwai abin saye ya iso.

Fara da hular kwano. Idan ta bugi ƙasa, ta gama aiki, ko da ba ka ga tsaga ba. Soson da ke cikinta an yi shi ne ya murƙushe sau ɗaya ya shanye bugun, ba ya komawa yadda yake. Kada ka sayi ta hannu, domin ba ka san tarihinta ba.

Wanke keken tas, ka kai shi wuri mai haske, ka bi firam, wato gangar jikin keken, da ido da yatsa, musamman wuraren walda da kewayen wuyan gaba. A firam na alminiyam kana neman tsaga siririya kamar gashi ko loɓawa. A na kabon kana neman wurin da fenti ya tsage ko wanda ya yi laushi in an danna. Kabon yana iya lalacewa ta ciki ya bar waje sumul, don haka in kana shakka ka kai wa wanda ya san shi. Sitiyarin da ya daki dutse da ƙarfi, musamman na kabon, ni canza shi nake yi ba tare da dogon nazari ba. Kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. In za ka ɗaure notunan wuyan da ke riƙe da shi, duba lambar da aka rubuta a jiki, galibi Nm 4 zuwa 6 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), ka yi amfani da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" shi ke fasa kabon.

Juya tayoyin ka ga ko suna rawa, ka matsa sifok, wato wayoyin taya, bibbiyu ka ji ko akwai wanda ya saki. Tsaya a bayan keken ka dubi abin sauya giya na baya. Ɗan ƙarfen da yake rataye a jiki an yi shi ne ya lanƙwashe don ya ceci firam, kuma in ya karkace yana iya tura abin cikin sifok kana tsakiyar hawa. Yana cikin kayan da suka fi araha, ka sayi biyu ka ajiye ɗaya.

Sai birki, inda ba a wasa. Matsa kowanne: in ya yi laushi ko ya taɓo sitiyari, iska ta shiga, sai an zuƙe an sake mai. Kada ka haɗa man birki iri biyu. Kamfanin Shimano man minaral suke amfani da shi, birkunan kamfanin SRAM da yawa kuwa wani mai da ake kira DOT, kuma zuba wanda ba nasa ba yana lalata robobin ciki. Abin da aka rubuta a jikin birkinka shi za ka bi. Takalmin birki in abin da ya rage bai kai rabin milimita ba, a canza. Faifan birkin kuma an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, na Shimano milimita 1.5 ne.

In tayarka marar tiyub ce, ruwan da ke liƙe huda yakan bushe cikin 'yan watanni. Girgiza tayar kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba ka ƙara. Shok, wato abin da ke shanye gargada, in ya daɗe a ajiye yakan rasa iska, robobinsa su bushe. RockShox, masu ƙera shok, suna ba da shawarar a yi wa ƙafafun shok ɗin gaba hidima duk bayan awa 50 na hawa, wanda da yawanmu mun ninka shi ba mu sani ba.

Wajen kuɗi, tsarin fifiko shi ne: hula, birki, sitiyari in ya bugu, sannan taya. Hidimar shok takan fi tsada a cikin ayyukan mai gyara, kuma in bai zubar da mai ba tana iya jira har ka fara shiga hanyoyi masu gargada. Abin da ba ya cikin lissafi ko kaɗan shi ne sabon keke. Mai jinya yana da lokacin kallon hotunan kekuna, na sani, amma koyon sabon keke da sabon jiki a lokaci ɗaya wahala biyu ce.

5. Daidaita keken da jikin da kake da shi yau

Nauyinka ya canza, ko ya ƙaru ko ya ragu, don haka ka sake awon nutsewar shok da kayan hawanka a jiki: na baya ya nutse kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon tafiyarsa, na gaba kashi 15 zuwa 20. In kana amfani da fedar da ke kama takalmi, cire ta ka sa shimfiɗaɗɗiya na ɗan lokaci. Murɗa diddige don cire ƙafa yana takura gwiwa, kuma sauke ƙafa nan take yana kwantar da hankali. Mai ciwon wuyan hannu ya gyara hannun birki yadda yatsa ɗaya zai same shi ba tare da wuyan hannun ya lanƙwashe ba, ya ɗan ɗaga sitiyari, ya rage iskar taya kaɗan don ta shanye gargada. Kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu suna tare ƙujewa da bugu, amma ba sa hana kafaɗa karyewa, kada su sa ka ji kamar ka sha tauri.

6. Fili kafin daji

Nemi fili shimfiɗaɗɗe da ba kowa, ka yi zama biyu ko uku na rabin awa kana abin da za ka ji kunyar a gan ka kana yi. Tsayawa a kan feda, ƙafafu a daidai, hannu a sake. Birki da yatsa ɗaya, a hankali, sannan da ƙarfi, kana jin yadda nauyi ke zubowa kan hannu. Kwana a hankali hagu da dama. Sauka ta kowane ɓangare, har da wanda ya ji ciwo. Ɗaga tayar gaba ta haye ɗan itace. Hannu ya manta ma'aunin birki fiye da yadda kake zato, gara ka gano haka a nan.

Daga nan ka shiga hanyar burji mai laushi, minti 30 zuwa 45, ka bar rana guda tsakanin fita da fita don ka ji amsar da jiki zai bayar.

7. Ranar farko a kan hanyar dutse

Zaɓi hanyar da ka sani kamar tafin hannunka, wadda take ƙasa da ƙarfinka sosai. Inda ake yi wa hanyoyi alamar launi, kore ita ce mafi sauƙi, sai shuɗiya. A Ingila da wasu ƙasashen Turai ja ke biyo baya sannan baƙa, a Amurka kuwa daga shuɗiya sai baƙa. Komai gwanintarka a da, daga kore za ka fara. Kuma hanya ba ta tsaya jiranka ba: ruwa ya zaizaye wani wuri, itace ya faɗi a wani. Zagayen farko na leƙe ne.

Ka tafi da mutum ɗaya mai haƙuri, ba ayari ba. Ka shiga gaba, ya biyo ka, domin mai bin tayar wani gudun wani yake yi. Kashe Strava, manhajar da ke auna gudunka, ko ka ɓoye lokutanka na da. Faɗa wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowa. Ka zaɓi busasshiyar rana, saiwa da dutse in sun jiƙe santsinsu ba ya sallama.

Ka yanke lokacin tsayawa tun kafin ka fita, awa ɗaya ta isa, ka kuma tsaya ko da daɗi bai ƙare ba. Ni nan kuskuren da na yi ke nan. Fitata ta uku, komai ya tafi daidai, na ce bari in ƙara zagaye ɗaya. A cikinsa yatsun hannun da ya yi jinya suka gaji, na matsa birki ban ji ƙarfin da na sa ba, tayar gaba ta zame a wata kwana da ko yaro zai wuce. Allah ya kiyaye na faɗi ta ɗaya ɓangaren, amma na kwana ina shafa kafaɗa, mako biyu na koma baya.

8. Tsoro

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba ragwanta ba ce, kuma ba a korar ta da zagin kai. Matsalar ita ce tsoro yana sa ka yi daidai abin da ke kayar da mutum. Hannu ya sandare, keken ya kasa motsi a ƙarƙashinka. Ido ya sauko kan tayar gaba, ko ya kafe a kan dutsen da kake gudu, keke kuwa inda ido ya je nan yake zuwa. Jiki ya ja baya ƙwarai, tayar gaba ta rasa nauyi ta daina kama ƙasa. Ga kuma rage gudu fiye da kima: akwai duwatsun da taya ke hayewa da ɗan gudu, amma a tafiyar kunkuru sai ta cije ta wuntsila ka ta kan sitiyari.

Abin da ya yi min aiki shi ne ba wa kai aiki ɗaya tak. Kafin in shiga wuri mai wuya nakan zaɓi kalma guda, "duba gaba" ko "saki hannu", in riƙa faɗinta a fili. Kai ba ya iya riƙe umarni da fargaba a lokaci ɗaya yadda ya kamata. In na lura na riƙe numfashi, na san na sandare, sai in fesar da iska da ƙarfi, kafaɗu su sauko.

Wurin da ka faɗi kuwa, ka fara zuwa masa a ƙafa. Tsaya ka dube shi. Ranar da na koma nawa na yi mamakin ƙanƙantarsa: dutse ne da bai kai gwiwata ba, da wata saiwa a karkace a bayansa, alhali a kwanciyar jinya ya zame min tsauni. Gano abin da ya faru a zahiri, ko birki ka taɓa a kan saiwar, ko layin da ka bi ne ba daidai ba. Abin da ke da dalili yana da gyara. Sannan ka nemi ƙaninsa, wuri mai kama da shi amma rabinsa, ka maimaita har ya gundure ka. Ka kalli abokinka ya bi na ainihin sau biyu, ka lura da gudunsa.

Ƙa'idata ita ce sau uku. In na tunkari wuri sau uku ina ja da baya, na bar shi ranar, in sauka in tura. Na huɗu ba jarumta ke kai mutum ba, haushi ne, kuma mai haushi rabin zuciya yake shiga. Turin keke bai taɓa kai kowa asibiti ba. In kuwa abin ya wuce keke, kana mafarkin faɗuwar ko gabanka na faɗuwa da ganin hula, ka gaya wa likita, wannan ma rauni ne da ake yi wa magani.

9. Ƙara nauyi, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Abubuwa uku ne ake ƙarawa: tsawon lokaci, wahalar hanya, da gudu. A kowane mako ka taɓa ɗaya ka bar biyu. Lokaci ne farko, sai wahalar hanya, gudu daga baya. Tsalle da dirowa daga tudu su ne na ƙarshe, kuma su ma sai ka sake komawa kan tambayar mataki na 1. In keken lantarki kake hawa, ka lura: injin yana sauƙaƙa wa ƙafa da huhu, amma keken yakan haura kilo 20, kuma yana kai ka gangare da yawa a rana ɗaya fiye da abin da hannunka zai ɗauka.

Kada ka ajiye atisayen gashi don ka koma hawa, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Sau biyu a mako ya ci gaba na wasu watanni. Ka riƙe ɗan littafi ko ka rubuta a waya: minti nawa, wace hanya, ciwo nawa cikin 10 da dare, nawa da safe. In lambar safe ta hau sau biyu a jere, koma matakin da ya gabata ka yi mako guda a can. Kumburin da ya dawo, gwiwar da ke sakin mutum, yatsun da ke mutuwa ko ciwon da ke tashinka daga barci, waɗannan ba na jira ba ne, na likita ne. Haka ma in ka sake faɗuwa a kan wurin, ko da ka miƙe ka hau ka dawo gida da kanka, ka je a ɗauki hoto kafin fita ta gaba.